Irin da Na Bakace wa Ƙanin Mijina

A wancan zamani, kafin gidaje su haɗiye komai, bayan unguwar Hadayek el-Maadi da ke Alƙahira gonaki ne. In ka tsallake layin jirgin ƙasan Helwan ka bi gefen tur'a, wato magudanar da ke kai ruwan kogi cikin gonaki, kore za ka yi ta gani har inda ido ya gaji. A can nake da 'yar gonata, wadda ba ta fi tsakar gidan mai hali ba. Saboda ita na yi shekara guda cur ina dafa wa wani mutum abinci, ina yi masa dariya, zuciyata kuwa tana laluben inda za ta kama shi.

Daga Damagaram maigida ya kawo ni Alƙahira. Fataucin fatu da turare yake yi, ni kuwa ina gida, ba na fita sai da dalili, don haka Larabcina bai wuce gaisuwa da sayen burodi ba. A saman rufin gidan da muke haya ina kiwon awaki, kamar yadda matan unguwar suke yi. Don su ne maigida ya karɓi gona wurin wata tsohuwa Bamasariya mai filaye a bakin tur'a, wadda kowa ke kira Hajja. Yanki biyu ta ba shi maƙwabtan juna, ɗaya namu, ɗaya na ƙaninsa da ya biyo shi daga gida yana dakon kaya da amalanken doki. Yankunan nan kan tudu suke, ruwa ba ya hawansu sosai, shi ya sa barsim, ciyawar da duk Masar ke ba dabbobi, ba ya yi a wurin. Shufan ake shukawa. Shufan ciyawa ce mai kama da alkama, ana yanka ta tana ɗanya a ba dabba, ta toho a sake yankawa. Hajja ba ta karɓar komai sai rabon jamusarta, ɓaunar gida da take tatsa: in ka yanka dami uku, ɗaya na jamusa ne.

Ana nan ana nan, sai maigida ya kwanta ciwo lokacin zafi, bai tashi ba. Ya bar ni da 'yata da ban daɗe da yayewa ba, da awaki, cikinsu har da wata babbar akuya mai dogon kunne wadda nononta ke ciyar da mu. Abin da yarinya ta sha ta rage nake sayar wa maƙwabta. Na shiga takaba, ƙanin miji ne ke shiga da fita a kan komai namu. Buhun irin da marigayi ya ajiye ma shi ya ɗauke, ya ce ɓeraye sun yi yawa a rufinmu.

Na fita takaba sanyi ya fara shigowa. Ranar da na fara zuwa gona na tarar yankinsa har ya tsiro, kore shar, nawa kuwa ƙasa ce tsirara. Na tambaye shi ina irina. Washegari ya kawo min a ƙullin tsumma, tsaba baƙa-baƙa gajera. Ya ce min shufan iri biyu ne, akwai na tur'a akwai na sama. Na tur'ar kaɗan yayansa ya bari, shi ne ya shuka a nasa yankin. Wannan da ya kawo min na sama ne, daga bakin teku ake kawo shi, kuma in ruwan tur'a ya taɓa shi kafin ruwan sama, ruɓewa zai yi a ƙasa.

Na ce ko in yi binne, in rufe shi a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa yadda muke yi da gero a gida. Ya ce tsuntsayen Masar ba irin namu ba ne, tonewa za su yi.

"Ki jira ruwan shuka, matar yaya," in ji shi. "Ke da aka haifa a gona, ni zan koya miki?"

Maganar ta zauna min daram. Tun da na buɗi ido ban taɓa ganin mai hankali ya zuba iri sama ba ta yi magana ba. A garinmu in hadari ya haɗu aka yi ruwa ƙasa ta jiƙu, kowa sungumi yake ɗauka, wanda ya riga ruwa kuwa sai a ce ya taɓu. Abin da ban sani ba shi ne ƙasar nan ba ta da damina. Manomansu ba sa kallon sama, watanninsu na noma suke ƙirgawa, kogi kuma shi ne hadarinsu. Ni kuwa kullum na hau rufi ba awaki abinci sai na ɗaga kai ina duban gabas.

Sanyi ya yi ƙarfi, ruwa shiru. Abin da ya rage na busasshiyar ciyawa ya ƙare. Na koma bin masu kayan miya ina kwashe ganyen kabeji da ɓawon wake. Ƙanin mijina ya yi yankan farko a idona, ya ɗora a amalanke, ya miƙo min ɗan abin da bai cika hammata ba, ya ce doki ma cinsa ya ƙaru. Sai can tsakiyar watan da suke kira Tuba, watan da sanyi ke shiga ƙashi, aka yi wani yayyafi da bai isa ya wanke tabarma ba. Na yi hamdala, na goya yarinya, na tafi na shuka.

Kafin ya tsiro yunwa ta riga ta shiga rufina. Wata safiya wani mai jaki ya ji tausayina ya ba ni ƙaramin barsim da raɓa a jikinsa. Ban san ba a ba dabba mai yunwa shi a jiƙe ba. Babbar akuya ta ci da haɗama. Kafin azahar cikinta ya kumbura kamar ganga, ta daina tuƙa, tana nishi tana kallona. Na ɗura mata mai, na ɗura mata kanwa, na danna cikin da hannuna biyu. Da na ga ba za ta kai la'asar ba na kira maƙwabci ya yanka. 'Yata ta daɗe tana ɗaukar ƙoƙonta tana zuwa gindin turken da babu kowa. Wannan ƙoƙon ban manta shi ba har yau da nake da jikoki.

Shufan ɗina ya fito siriri, kara ɗaya ɗaya, ba 'ya'ya a gindi. Bai kai gwiwata ba iskar zafi ta fara kaɗawa, sai kawai ya fid da kai. Na yanka, ganyen bai taka kara ya karya ba, sauran duk sanda. Na zuba masa ruwa ina jiran toho, bai toho ba.

Ranar da na kai wa Hajja ɗan rabon jamusarta ne abin ya fito fili. A lokacin yawon neman ganye ya buɗe min baki, ina jin Larabci daidai gwargwado, ba na buƙatar ƙanin miji ya tsaya tsakaninmu kamar da. Tsohuwar ta juya damin da sandarta, ta murza zangarniya a tafin hannu, ta tambaye ni wa ya ba ni irin tsabar doki. Ta ce wannan baƙin ba don yanka ake shuka shi ba, gaggawa gare shi, tsaba yake yi ya mutu. Na yanka shi ne fari mai tsawo, wanda marigayi ke shukawa, kuma a farkon watan Hatur ake zuba shi, da zarar an kwashe masara safiya ta fara sanyi, don ya samu dogon sanyi ya yi gindi. Na ce mata ai ruwan sama nake jira. Ta dube ni ta ce babu wani shufan na sama a ƙasar nan.

Sai ta gaya min sauran. Tun ina cikin takaba ƙanin mijina yake zuwa wurinta yana cewa ni mace ce ba zan iya noma ba, gida ma zan koma, ta haɗa masa yankin biyu. Ta ce masa sai ta ga yadda shekarar za ta kasance. Ga shi ta gani.

Na durƙusa a gabanta, na ce ta ba ni sanyi ɗaya kawai. Ta dubi yarinyar da ke bayana.

"Sanyi ɗaya, ya binti," in ji ta, yadda suke kiran 'ya. "In jamusa ba ta ƙoshi daga yankinki ba, khalas, magana ta ƙare."

Da yamma ƙanin mijina ya zo cin tuwo kamar kullum. Na ajiye masa kwano, na bari ya wanke hannu, sannan na tambaye shi labarin shufan na sama. Ya dakata da loma a hannu. Sai ya fashe da dariya har yana buga cinya.

"Haba matar yaya, wasa ne fa. In ban tsokane ki ba wa zan tsokana? Ma'alish, yi haƙuri."

A al'adarmu akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta, gaskiya ne. Yakan ɓoye mata takalmi, takan zuba masa barkono a miya, ba mai fushi. Bayan wannan al'ada ya ɓuya, ya san in na kai ƙara wurin manyan mutanenmu da ke birnin cewa za su yi in yi haƙuri, ɗan'uwan marigayi ne, kawun yarinya ne. Na dube shi yana taunar tuwona. Na yi dariya ni ma. Na ce lallai ka iya wasa, na ƙara masa miya.

Daga ranar ban sake ɗaga maganar ba. Na wanke masa kaya, na ɗinke masa riga, in ya yi tsokana in rama. Bazarar nan na yi ta ina wanke-wanke a gidajen mutane, ina ciyar da sauran awaki da abin da na samu. In na sami sarari sai in tafi wurin Hajja in kwashe mata kashin jamusa, in zauna kusa da ita tana magana ina saurare. Ita ta nuna min yadda ake gane iri. Ta zuba tsaba a faifai tana warewa da yatsa, ga fari dogo, ga baƙi gajere. Sai ta tsamo wata ƙwaya mai gashi a gindi da doguwar jela a murɗe, ta ɗora min a tafin hannu, ta ce in tofa mata yawu. Na tofa. Jelar nan ta fara juyawa a hankali kamar abu mai rai. Ta ce wannan shi ne zummer, shufan na daji. Yana ƙarami ba ka bambanta shi da na gida, amma yana riga kowa fid da kai, ya zubar da 'ya'yansa tun kafin a ankara, ruwa ya kwashe su ya kai gonar alkama. In ya shiga ƙasa sai an yi shekaru ana cire shi da hannu. Ta ce a duniya ba abin da ta tsana kamar shi, gonar alkamarta kuwa tana ƙasan yankin ƙanin mijina, ruwan da ya bi ta kansa can yake gangarawa.

Na riƙe wannan a raina, ban san ranar amfaninsa ba.

Shi kuwa haɗama ta riga ta yi masa aiki. Farin irin marigayi da ya shuka, yanka ya yi ta yi yana sayar wa masu dawaki har ƙarshe, bai bar ko kunya ɗaya ta nuna ya sami iri ba. Da lokaci ya matso sai ya shiga nema. Ya dawo da rabin buhu da ya samo da araha wurin wani mai masussuka a hanyar dakonsa, sharar ƙasa ce, duk ƙaiƙayi da tsakuwa. Ya sauke min a ƙofar ɗaki ya ce in bakace masa, aikin mata ne.

Na shimfiɗa tabarma a rufi da hantsi, na ɗebo a faifai. Bakacen farko na gan su. Baƙin gajere ne mafi yawa, a cikinsa kuma ga masu gashi da murɗaɗɗiyar jela birjik. Na tsinci ɗaya na tofa mata yawu, ta juya. Na daɗe zaune ina kallon turken babbar akuya.

Bakace aka ce in yi, bakace na yi. Na fid da ƙaiƙayi tas, na tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, na kaɗe ƙasa har tsabar tana sheƙi. Zummer kuwa ba wanda ya tambaye ni labarinsa. Na mayar da shi buhu tare da 'yan'uwansa, na ɗaure baki da kyau. Da ya zo ɗauka ya zura hannu ya yaba, ya ce yaya ya yi dacen mata.

Ya tambaye ni yaushe zan shuka nawa. Na ce sai Hatur, yadda Hajja ta ce. Ya ce shi ba zai jira tsohuwa ba, zai riga ni ne don Hajja ta ga yankin wa ya fara kore. Na ce namiji ke nan. Ya shuka tun rana tana da sauran zafi, masara ma ba a gama kwashewa a gonakin maƙwabta ba.

Ni na jira. Hajja ta auno min farin iri daga tulunta a kan zan mayar in ya nuna. Da safiya ta fara cizon yatsu na zuba rabin yankin, bayan kwanaki na zuba sauran rabin, don kada su isa yanka rana ɗaya. Na buɗe musu ruwan tur'a da fartanyata, ban ko ɗaga kai na dubi sama ba.

Nasa ya riga nawa tashi, ya yi tsawo, yana wucewa yana min kirari yana cewa gonata kamar gemun ɗan saurayi. Nawa yana ƙasa yana yin gindi, ƙwaya ɗaya ta fid da 'ya'ya har ba ka ganin ƙasa. Ganyen faɗi gare shi, in ka matsa sai ruwa ya fito. Tsakiyar sanyi na sa lauje. Na bar tsawon yatsu a gindi yadda aka koya min, na ba shi ruwa, kafin in gama yankan rabi na biyu na farkon ya toho. Jamusa ta ci har tana barin saura. Awakina suka yi sheƙi, ƙaramar da ta haihu ta kawo nono, 'yata ta koma shan ɗumi da safe.

Nasa kuwa zafin da ya tsiro a ciki ya ruɗe shi. Tun sanyi bai yi nisa ba ya fid da kai, karan ya yi tauri. Ya yi yanka ɗaya, abin da ya toho bayan nan ba shufan ba ne. Zummer ne ya miƙe ko'ina, gajere, kansa a sunkuye yana lilo, jela tsaye kamar allura. Shi bai san shi ba. Cewa ya yi tun da ya fid da kai bari ya bar shi ya nuna, doki ya sami tsaba. Kullum ina wucewa da damina a ka, ina ganin 'ya'yan suna baƙi, suna zuba a ƙasa. In ya gaishe ni in amsa da fara'a, in ce Allah ya ba da albarka.

Hajja ƙafa ta dame ta a sanyin nan, ba ta fita gona. Ranar da ta ji dama ta dogara sanda ta fito duba alkamarta, a bakin yankinsa ta tsaya cak. Ina cikin nawa ina yanka na ji muryarta. Ban taɓa sanin tsohuwa tana da irin wannan murya ba. Manoman da ke kusa suka bar aikinsu suka taru. Ta tumɓuke zummer ta kaɗa masa a fuska, ta nuna masa bakin magudanar da ke gangarawa alkamarta, inda ƙwayoyin suka taru baƙi ƙirin. Ta ce ya kwashe laujensa da dokinsa, kada ta sake ganin ƙafarsa a ƙasarta.

Ya juyo wurina, fuskarsa ta yi toka. Da Hausa ya yi maganar, don kada su ji.

"Ke kika bakace irin nan. Ba ki gani ba?"

Na ɗaure damin da ke gabana, na ja igiya, sannan na miƙe.

"Na gani," na ce.

Ya tsaya yana jiran in ƙara wani abu. Na sunkuya na ɗauki laujena.

A nan gaban mutane Hajja ta ce yankin biyu sun zama nawa, amma da sharaɗin a tsabtace wanda ya lalace, kada zummer ɗaya ya sake nuna a cikinsa. Na ce tamam, na yarda.

Bai yi nisa ba. Ciyawa tsada take a ƙarshen sanyi, dokinsa kuma shi ne cinsa da shansa. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a bakin tur'a riƙe da linzami, haƙarƙarin dokin a waje. Bai yi tsokana ba ranar. Ya gaishe ni a ladabce kamar mai gaida suruka, ya ce in dubi zumunci, in dubi marigayi. Na ce na duba. Na ce doki bai yi min komai ba, zai sami daminsa kullum, amma sai mai shi ya shiga yankin can ya tumɓuke zummer da hannu, ya tara a gefe ya ƙone, kuma ba wannan sanyin kaɗai ba, duk sanyin da ya sake tsirowa. Hajja ta yarda ya taka ƙasarta a kan wannan kawai.

Haka aka yi. Sanyi uku yana zuwa da sassafe kafin ya fita dako, ya naɗe wando ya durƙusa cikin laka mai sanyi. Zummer yana da kaifi, yakan yanka tsakanin yatsu. Ni kuwa in shimfiɗa buhu a kan tudun tur'a, in zaunar da 'yata kusa da ni da ƙoƙon nononta, in riƙe doguwar sanda. In ya kai ƙarshen kunya ya miƙe yana dafe da ƙugu, sai in miƙa sandar in nuna masa bayansa.

"Ga wani can ka tsallake, ƙanin miji. Koma."

Sai ya koma.